Jikan Alƙalin Kwarin Maje

Babu wanda bai kalli Fatihu ba a cikin jirgin ƙasan nan. Dogon mutum da tabarau, ga jakar kwamfuta a kafaɗa, ga shi kuma ya rungumo damin ganyen darbejiya kamar wanda zai yi kiwon akuya a saman bene. Tun daga tashar Masjid Jamek har inda ya canza jirgi zuwa unguwar Cheras, a wannan ƙasar waje da karatu ya kawo shi, idanu ke binsa. Shi kuwa ko a jikinsa. Da a ce kallon mutane ne kaɗai damuwarsa a wannan rana, ai da ya gode Allah.

Ganyen na wankan jego ne, wajen Indiyawa masu sayar da furanni ya samo shi. Matarsa Bashira ta haihu ranar Asabar, namiji, bayan doguwar naƙudar da ta kusa tafiya da ita. Mahaifiyarta ta haɗa kayanta tsaf a Kano, biza ta ƙi fitowa. Suka dawo daga asibiti su biyu da jariri, babu wanda ya san ta inda ake kama shi. A nan Allah ya jefo musu Mama Larai.

Mama Larai mahaifiyar Christy ce, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa wadda ke koyarwa a wata kwaleji. Tsohuwar ta zo daga kudancin Kaduna ne a yi mata aikin ido. Aka yi, ido ya buɗe, sai ta rasa abin kallo in ban da bango da talabijin mai yaren da ba ta ji. Ranar da ta jiyo kukan jariri ta bango, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta tarar da Fatihu tsugune gaban baho yana karanta yadda ake yi wa jariri wanka a waya.

“Ajiye wannan abin, ɗana,” in ji ta, “kafin ka nutsar da yaron mutane.”

Tun daga ranar ta yi uwa ta yi makarɓiya. Safe da yamma ita ke tafasa ruwa. Ita ke dama kunun kanwa, da kanwar da ta ƙullo a bakin zaninta tun daga gida. Ita ke gasa wa jariri cibiya. Kirista ce, 'yar zumuntar matan coci ta gaske, amma ita ke tuna wa Bashira ta yi bisimilla kafin ta ba da nono. Bashira, wadda ta dawo daga asibiti tana kuka ba dalili, cikin 'yan kwanaki sai ga ta tana ƙyaƙyata dariya a banɗaki, ruwan zafi na sauka a bayanta tana ihu, tsohuwa na ce mata raguwa. Fatihu ya san bai isa ya saka wa matar nan ba, kuma ya san in ta janye hannunta gidansa zai koma yadda yake.

To, ga inda matsalar take. Jibi ne suna, kuma har yanzu bai yi wa yaron huɗuba ba. Ya yi masa kiran salla a kunne tun a asibiti, amma sunan ya maƙale masa a wuya.

Mahaifiyarsa, Hajiya Halimatu Sadiya, ta riga ta yi magana. Ba mace ce mai roƙo ba, amma ranar haihuwar ta kira shi ta roƙe shi. “Ka sa masa sunan Baba,” ta ce. “Duk jikokin nan maza kowa ya sa sunan nasa uban. Ina so in ji an kira sunan nan a gidana kafin in rufe ido.”

Baban nata shi ne Alƙali Yahuza, wanda ya yi alƙalanci a Kwarin Maje zamanin Turawa, daga baya aka zaɓe shi majalisar En'e. Ya rasu tun kafin a haifi Fatihu. Abin da Hajiya ke tunawa da shi kaɗan ne: wai tafin hannunsa duk kanta, in ya shafa kanta har ɗankwalinta ke maƙalewa, wai kuma ya fi son a kira shi manomi a kan a kira shi malam. Fatihu kuwa digirinsa na uku yake yi a kan tarihin kotunan En'e, kuma abin da ya karanta bai bar masa wurin alfahari ba. Ya san wa ke naɗa alƙalan nan, ya san muryar wa suke saurara, ya san irin mutanen da suka fi cika gidajen yari. Duk da haka ya ce wa Hajiya to. Uwa ce, me zai ce?

Sai shekaranjiya. Mama Larai na zaune a tabarma tana tsinke ganye, Bashira ta tambaye ta garinsu.

“Ƙauyenmu na kan dutse ne, a ƙasar Kwarin Maje,” ta ce. “Ba za ki sani ba. Abin da aka san Kwarin Maje da shi kotu ne. Can aka ɗaure babana zamanin Turawa, ina 'yar ƙarama.”

Jariri ya tsala kuka, zance ya wuce. Fatihu na cikin kicin da kofin shayi a hannu, ya ji komai. Ya lissafa shekarunta a zuci, ya sake lissafawa ko za su ba shi wata amsa. Ba su ba shi ba. Alƙali ɗaya ne a Kwarin Maje a wancan lokaci.

Wannan shi ne abin da ya rungumo tare da ganyen darbejiya har cikin gida.

Ya tarar Mama Larai ta leƙa wajen Christy. Bashira na kishingiɗe, jariri na barci a gefenta. Ta dube shi sau ɗaya ta gane.

“Har yanzu ba ka faɗa mata ba?”

“In ce mata me? In ce, Mama, hannun da kike wanke mana ɗa da shi, ki sani jinin wanda ya ɗaure ubanki kike wankewa?”

“To ran suna fa? Kai ka san liman ba zai tsaya a Yahuza kawai ba. Sai ya ce an mai da sunan kakan ubansa, Alƙalin Kwarin Maje, Allah ya jiƙansa. A gaban jama'a kake so ta ji?”

“Sai in canza sunan.”

“Ka kira Hajiya ka gaya mata haka, ina saurare.”

Ya zauna a bakin gado ya cire tabarau yana murza ido. Malamin da ke tsayawa gaban furofesoshi ya yi awa guda yana zuba Turanci ba gargada, yau ga shi tsohuwa mai zanin atamfa ta sa ya yi tsuru-tsuru.

“Wallahi tsoro nake ji,” ya ce. “In ta daina shigowa, ke fa?”

“Ni ma ina tsoro,” in ji Bashira. “Amma matar nan ba ta cancanci mu ci amanarta ba, Malam. Tana shiga mana wuta safe da yamma.”

Da Mama Larai ta dawo, ta karɓi ganyen ta shinshina ta ce wannan karon bai bari Indiyawa sun sayar masa da busasshe ba. Ta baje tabarmarta a ɗan barandar da ke kallon titin jirgi ta fara tsinka. Fatihu ya zo ya tsuguna a gefe. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya sake gaishe ta.

“Ɗana, wannan gaisuwa ta biyu da magana a cikinta.”

“Mama, game da sunan yaron ne. Mahaifiyata ta ce a sa masa sunan mahaifinta.”

“Madalla. Haka ake yi. Wane suna?”

“Yahuza. Alƙali Yahuza. Na Kwarin Maje.”

Hannunta ya tsaya a kan reshen. Jirgi ya wuce can ƙasa da ƙararsa, ya ɓace. Ta ɗago ta zuba masa sabon idon nan nata, tun daga goshi har haɓa, kamar mai neman wani a fuskarsa.

“Kai jikansa ne?”

“Ni ne, Mama.”

Ta ajiye reshen. Ta dafa bango ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta bi ta gabansa ta fita. Ya ji ƙofar Christy ta buɗe ta rufe.

Shi ke nan, ya ce a ransa, ta faru ta ƙare. Bashira ta juya fuska wajen bango. La'asar ta yi, lokacin wanka, babu Mama Larai. Fatihu ya yi salla bai san abin da ya karanta ba. Ya ɗora babbar tukunya a wuta, ya tsaya da ganye a hannu yana tunanin ko kafin ruwa ya tafasa ake zubawa ko bayan ya tafasa. Baƙin ciki ya cika shi, har ya ji haushin mutumin da bai taɓa gani ba, wanda ya mutu ya bar masa wannan gado.

Sai aka ƙwanƙwasa.

Da ya buɗe, da ƙyar ya gane ta. Ta sha ado da zanin da take zuwa coci da shi, ta kafa ɗauri, har da mayafi a kafaɗa. Christy na bayanta tana ware hannu, alamar ita ma ba ta san abin da ke faruwa ba. Tsohuwar ta shigo tsakiyar falo, ta dafa hannun kujera ta fara kai gwiwa ƙasa.

“Subhanallahi! Mama, me ke nan?” Fatihu ya zube a ƙasa kafin ta kai, ya riƙe hannuwanta. “Don Allah ki tashi.”

“Bar ni. Ba a gaishe da gidan Alƙali da zanin aiki, ba a kuma gaishe shi a tsaye. Haka mamata ta koya mana.”

Da ƙyar shi da Christy suka zaunar da ita. Bashira ta lallaɓo ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Mama Larai ta gyara mayafinta ta numfasa.

“Da damina ne,” ta ce, “dawa ta kai gwiwa, ana shirin huɗa. Aka turo 'yan doka su kwashi maza zuwa aikin hanya. Babana ya ce a bar shi ya gama huɗa tukuna. Wani ɗan doka ya shiga gonar yana tattake dawa ya kama shi a wuya. Babana kuwa ba shi da sanyi. Ya juya ƙotar garma ya karya masa hannu. Aka kai shi gaban kakanka, Di'o, Baturen mulki, na zaune a gefe. Kakanka ya ɗaure shi har bayan kaka.”

Fatihu ya sunkuyar da kai.

“Ɗaurin kam ya ɗaure shi. Kada ka je ka ce na ce maka waliyyi ne. Mu kuwa ga mu mata zalla da ƙanena na goye, rumbu ya kusa ƙasa, gona ba huɗa. Ka san abin da wannan ke nufi?”

“Yunwa, Mama.”

“Yunwa. To, ba a yi kwana nawa ba, da sassafe na tafi gona tsinko rama, sai na hango farin abu a rataye a reshen ɗorawarmu. Rawani ne. Ga mutum ya tuɓe babbar riga, daga shi sai 'yar shara, yana ta zabga huɗa, 'ya'yansa maza na binsa. Na ruga gida. Mamata ta zo, da ta gane kakanka ne, ta ɗebi hogen ƙasa ta dinga jifansa. Ta zage shi da yarenmu, ta zage shi da Hausa don ya ji da kyau. Ɗaya ya same shi a nan.” Ta taɓa bayan kunnenta. “Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kunya. Sannan ya dogara garma ya ce, ‘Baiwar Allah, mijinki na yanke wa ɗauri. Ban yanke wa 'ya'yansa yunwa ba.’ Ya koma ya sunkuya.”

Christy ta zauna a hannun kujera a hankali. “Mama, ba ki taɓa gaya mana wannan ba.”

“Kun taɓa tambaya? Ku da wayoyinku.” Ta koma kan Fatihu. “Mamata ta rantse ba za ta ƙara yi masa magana ba har abada. Ta hana mu kai masa ko ruwa. To, amma ka san kakanka mutumin fili ne. Manomi ne na ƙwarai, ban taɓa ganin mai jan garma irinsa ba, sai dai bai san dutse ba. Ya ja mana kunyoyi dogaye, miƙaƙƙu sambal, daga sama zuwa ƙasa, yadda suke yi a jigawarsu. Mu kuwa a gicciye muke yi, mu datse su, don ruwa ya tsaya ya sha. Ran nan aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye, rabin huɗarsa na can cikin rafi.”

Dariya ta kuɓuce wa Bashira, ta toshe baki.

“Yi dariyarki, 'yata, mu ma mun yi daga baya. Ya zo ya tsaya yana kallon ɓarna, ya ce innalillahi, ya tuɓe riga zai sake jan su yadda ya yi da. Mamata na leƙe daga bayan rumbu. Ta daure, ta daure, ta kasa. Rantsuwa dai rantsuwa ce, amma a ɓata mata gona sau biyu tana gani? Ta fito da gudu ta fizge garmar daga hannunsa ta ce, ‘In za ka yi, ka yi daidai! Haka ake noma a garinku?’ Ta ja masa kunya ɗaya a gicciye. Ya duba, ya ce, ‘Na gode, malama.’ Alƙali guda, yana bin bayan mamata tana yi masa tsawa. Da rana ta take, ita da kanta ta ce in kai masa ruwa. Wai ba don shi ba, don kada ya faɗi ya mutu a gonarmu a ce mu muka kashe shi.”

Ta goge gefen idonta da bakin mayafi.

“Duk ranar da ba a zaman kotu, sai ya hawo dutsen nan a ƙafa. Ya yi mana maimai, ya nome ciyawar da ta sake fitowa. Da kaka ya zo da mutanensa suka girbe, suka ɗaure, suka zuba mana a rumbu, ko zangarniya ɗaya bai taɓa ba. A shekarar nan gidaje da yawa a ƙauyenmu sun binne yara, don mazansu na wajen aikin hanya. Mu ba mu binne kowa ba. Ƙanen nan nawa na goye yana nan da ransa, da jikokinsa.”

“Mahaifinki fa?” Fatihu ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

“Ya fito da tari, bai rabu da shi ba har ya mutu. Kuma har ya mutu bai gaishe da kakanka ba. In sun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai. Gaskiyarsa ce, ban ga laifinsa ba. Amma tuwon dawar nan ya ci shi, kuma bai taɓa hana mamata aika wa gidanku accar fari ba duk shekara.” Ta gyara zama. “Daga baya kakanka ya ajiye alƙalanci. Wasu sun ce Di'o ne ya gaji da shi, wasu sun ce shi ne ya gaji. Da aka zo zaɓen majalisa, mata ba sa zaɓe a lokacin, mamata ta bi 'yan uwanta maza gida gida ta ce duk wanda bai tsaya a bayan kakanka ba kada ya ƙara cin abincinta. A majalisar nan ya yi ta faɗa har aka yarda ba a ɗiban manomi aikin hanya, ba a kuma kai masa sammaci, daga saukar ruwa sai an gama maimai, in ba maganar jini ba ce. Ko an bi dokar kullum? Ina! Amma an bi ta wasu shekarun, kuma a shekarun an ci an ƙoshi.”

Fatihu ya cire tabarau. Shekara da shekaru yana bin kotunan nan a takarda, ya san dokokinsu da hukuncinsu, bai taɓa tunanin akwai abin da ke faruwa bayan an tashi daga zama ba. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Godiya ce ta cika shi, ga Allah, ga tsohon da ya gama jin haushinsa ɗazu, ga matar nan da ta ba shi labarin da daɗinsa da ɗacinsa ba ta rage komai ba.

“Mama, na ɗauka fushi kika yi kika fita.”

“Fushi? Na shiga ɗaki ne na yi kuka na, na yi addu'ata, sannan na nemi zani. Ni da na tsallako teku don a gyara mini ido, ashe abin da Ubangiji ke so in gani ke nan.” Ta harare shi. “Kai kuma tun yaushe ka sani?”

“Tun shekaranjiya.”

“Ka bar yaro ba suna saboda tsoron tsohuwa? Tashi ka yi abin da ya kamata, mu shaida.”

Bashira ta ɗauko jaririn ta miƙa masa. Fatihu ya karɓe shi da hannu biyu, ya kai bakinsa kunnensa na dama, ya yi addu'a, ya faɗi sunan a hankali. Wannan karon bai maƙale ba.

“Ni dai ba za ku ji sunan nan a bakina ba,” in ji Mama Larai. “A gidanmu ba a kama sunansa, don girmamawa. Miƙo mini shi nan.”

Ya durƙusa ya sa mata shi a cinya. Ta janye zanin da ya rufe masa fuska, ta daɗe tana kallonsa. Ta buɗe ɗan tafin hannunsa da yatsarta, ta duba, ta mayar ta rufe.

“To, Alƙali,” ta ce, “yau kai ne a hannuna.”

Jaririn ya yi hamma ya ci gaba da barcinsa.